Mas'alar Littattafan Ƙidaya Masu Surori da A Ke Saya wa Yara Ƙanana

Ya ku malamai da almajirai masu karanta wannan takarda, ku sani maganarmu ta yau a kan wani ɗan littafi ce wanda babban malami zai ji nauyin a gan shi da shi a hannu. Shi ne irin wanda a ke sayarwa a kantunan birane, ganyensa kauri kamar kwali domin kada yaro ya yaga. A shafi na fari an zana abu guda, a na biyu abu biyu, haka har goma, ga alamar lissafi babba a gefe. A kan saya wa ɗan yaye, har ma da na goye. Waɗansu na cewa haram ne saboda surori, waɗansu na cewa ɓarnar kuɗi ce, waɗansu kuwa sun ɗauka da an miƙa wa yaro shi ke nan ya zama mai hisabi. Mu abin da mu ke gani, littafin nan da fa'ida, amma fa'idarsa na ga yatsa da bakin babban da ya zauna da yaron, kuma ba ta cika sai an yi shi da harshen da a ke yi wa yaron magana a gida.

Mas'alar sura ba za ta tsai da mu ba, zama malaman Malikiyya sun warware ta tun tuni. Shehu Dardiri ya bayyana a sharhinsa na Muhtasar cewa abin da ya haramta shi ne surar mai rai cikakkiyar gaɓoɓi wadda ke da inuwa, watau gunki. Wadda a ka zana a takarda ba ta kai haram ba, iyakarta karhanci. Surar abin da ba shi da rai kuwa, kamar itace ko jirgi, babu laifi gare ta. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da hoton akuya ba, sai ya ƙirga ludayi da dabino.

To, mene ne yaro ke koyo? Nan ne a ke ruɗuwa. Uba ya ji ɗansa mai shekara biyu yana jero ɗaya, biyu, uku har goma, sai ya yi murna ya ce yaro ya iya ƙidaya, alhali kuwa tilawa ce ba fahimta. Kowane malamin allo ya san bambancin kotso mai biya sura da ka, da wanda zai sa tsinke a kan baƙi ya ce wannan ne. Masu binciken hankalin yara a Amurka sun tarar da haka a lissafi. Rochel Gelman da Gallistel sun rubuta a littafinsu na shekarar 1978 cewa ƙidaya ba ta inganta sai da sharuɗɗa, kamar yadda alwala ba ta inganta sai da nata. Daga cikinsu, kowane abu a ba shi kalma guda, kada a tsallake shi, kada a maimaita. Kalmomin su zo a jerensu kullum. Sa'an nan, wanda ya fi wuya, yaro ya gane kalmar ƙarshe ita ce jimlar abin duka. Wata mai bincike kuma, Karen Wynn, a shekarar 1990 da 1992 ta riƙa aje wa yara tulin kayan wasa tana cewa a ba ta guda kaza. Sai ga yaron da ke jero lambobi sarai, an ce ya ba da uku, ya damƙo cikin hannu ya miƙa. Ta ga yaro ya kan fara gane ɗaya tukuna, bayan watanni ya gane biyu, sa'an nan uku, kana ƙofar ta buɗe masa gaba ɗaya wajen shekara uku da rabi. Tsakanin haddar kalmomin da sanin ma'anarsu a kan yi kimanin shekara guda. Ku jarraba a gidajenku da ƙwayar gyaɗa, za ku gani.

Saboda haka yadda a ke biya littafin shi ne aikin. A shekarar 2012 Kelly Mix da abokan aikinta sun gwada hanyoyi dabam dabam a kan yara 'yan shekara uku da rabi, su ka ga wadda ta yi amfani ita ce a fara faɗin jimla, sa'an nan a ƙirga nan take. Watau ka ce, ga kaji uku. Ka kama yatsan yaron ka ɗora a kan kowace, ɗaya, biyu, uku. Ka koma ka ce, kaji uku ke nan. Ƙirga kaɗai ba ta kai wannan ba, faɗin jimla kaɗai ma haka. Kuma kada a yi gaggawar kaiwa goma. Shafi uku na fari sun ishi ɗan shekara biyu watanni. Na goye kuwa, gaskiya ita ce ba ya ɗaukar lissafi daga takarda, abin da ya ke samu muryar uwarsa da zama a cinyarta, sauran ya tauna gefen littafin. Wannan ma ba asara ba ce, amma kada mai kanti ya ruɗe ku da cewa za a yi Hawarizmi tun a zanen goyo.

Abin da ya fi damunmu shi ne harshe. Galibin waɗanda ke kasuwa da Turanci su ke, na Hausa kaɗan ne, na Ajami sun fi ƙaranci. Uwar da ba ta jin Turanci sai ta miƙa littafin ga yayan yaron ɗan firamare, shi kuwa ya rera masa wan, tu, tiri kamar waƙa, an yi tilawa bisa tilawa. Ɗaya daga cikin mafi shahararsu a duniya, na tsutsa mai yunwa wanda Eric Carle ya fitar a shekarar 1969, yana ƙirga 'ya'yan itatuwa daga ɗaya zuwa biyar. An tsara shi da gwaninta, ba mu musun haka. Amma in ka cire tuffa da lemo, sauran ukun ba a san su a gonakin Hausa ba, uwa ba ta da sunan da za ta kira su, balle ta rufe littafi ta ce je ka ɗauko mini huɗu daga madafa. Ƙidayar da ba ta sauko daga takarda ta shiga tsakar gida ba, tana nan a takarda.

Ga shi kuwa ƙidayar Hausa ta fi sauƙi ga yaro a nan. Goma sha ɗaya, goma sha biyu, kalmar da kanta na gaya maka goma ce da ƙari. Kalmomin Turanci na 11 da 12 ba ka jin goma a cikinsu, sai dai a haddace. Yaya za mu bar mai bayyana kansa mu fara yaro da mai duhu? Turanci zai same shi a makaranta, kuma wanda ya riga ya san mene ne uku, sauya masa suna ba wuya. Wasu sun riga mu: a shekarar 1971 Muriel Feelings da Tom Feelings sun yi littafin ƙidaya na Sawahili daga ɗaya zuwa goma da al'amuran Afirka ta Gabas.

Idan wani ya ce, ina ruwan malami da wannan, ai lissafi na 'yan boko ne, sai mu ce masa: da me ka ke fid da zakka? Tumaki 40 a ba da ɗaya, shanu 30 a ba da maraƙi, raƙuma 5 a ba da tunkiya. Da me ka ke raba gado, rabi da rubu'i da sumuni, sulusani da sulusi da sudusi? Hawarizmi kansa, da ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza, babban kashi nasa a kan wasiyya da gado ne. Malaminmu Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a shekarar 1741, da ilimin lambobi a ka san shi. Gardin da ya san izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, ai hisabi ya ke yi. Marayu nawa a ka tauye wa rabo ba da mugun nufi ba, sai domin mai rabon hannunsa ba shi da ƙarfi a lissafi? Tushen wannan ƙarfin kuwa shi ne kaji ukun nan.

To, kiranmu ga masu kyawun hannu ne. Wanda ke iya zayyanar allon sauka ba zai kasa zana ludayi biyar ba. A sami kwali mai kauri, a yanka ganye goma, a ɗinke. Kowane shafi abu iri guda, girmansu ɗaya, a warwatse yadda yatsa zai taɓa kowane, ba ado a bayansu da zai ɗauke ido. Kada a zana kaji huɗu da 'yan tsaki a gefe, yaro ya rasa wanne a ke ƙirgawa. A zaɓi abin da ke cikin gida: tulu, faifai, muciya, goro, takalmi. A rubuta sunan adadin da Ajami da boko, uwa ta karanta wanda ta iya.

Wajen alamar lissafi sai a yi hattara, zama iri biyu ne a hannunmu, kuma suna saɓa wa juna ta inda ba a zato. Biyar ta Larabci zobe ce, kamar sifilin boko; shida ta Larabci ta yi kama da bakwai ta boko; sifilin Larabci kuwa ɗigo ne kurum. Shawararmu a sa duka biyun, amma kowace da wurinta da launinta, ta Larabci a dama da jan tawada, ta boko a hagu da baƙa, kada a sauya daga shafin fari har na ƙarshe. Kuma kada a matsa wa ɗan yaye a kansu, ya bar su su zauna a gefe har idonsa ya saba. Tawadar ma a kula da ita, tun da littafin baki za shi: kada a yi da fenti ko wani launi da ba a san abin da ke cikinsa ba.