Talaka Da Baƙuwar Lamba

Ba yau muka fara jin kukan nan ba, amma da wakilan reshen jam'iyyarmu na Birnin Tudu suka sake kawo mana shi a makon jiya, sai muka ga lalle ne mu yi magana.

Manomi ya sayar da shinkafarsa ta rani, ya tafi Sakkwato ko Funtuwa ya sayo babur na hannu don kai amfanin gona kasuwa da kai mai naƙuda asibiti. Ya biya lakadan, dillali ya rubuta masa 'yar takarda a fallen littafin makaranta, aka yi musafaha. A ganinsa ciniki ya faɗa. A wurin hukuma kuwa babur yana nan na mai shi na farko, domin sunan wancan ne a littafin rajistar jihar da ta ba da lambar. Dattawanmu suna tuna lokacin da lambar Sakkwato take lambar gida a Bakura da Maradun, kafin a yanke Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996. Yau baƙuwa ce.

Dā wannan ƙaramar magana ce. Tun da 'yan bindiga suka mai da babur abin hawansu ta zama babba. Jama'a ba su manta da 2021 ba, shekarar da gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana hawan babur da dare, aka kuma katse layukan waya. To, mutumin da aka tare a shingen hanya da baƙuwar lamba, babu takarda ko ɗaya da sunansa, me zai ce? Ko a kira shi ɓarawo, ko mai kai wa 'yan daji kaya. In ya yi sa'a ya rabu da 'yan kuɗinsa. In bai yi ba ya rabu da babur, wataƙila ya kwana a tsare.

Kada abokan hamayya su ce muna zuga mutane su ƙi doka. Mu ma muna so a sauya suna, domin babur maras asali shi ne riban ɓarawo. Amma a duba abin da ake nema: takardun asali, yarjejeniyar ciniki, rantsuwa a kotu, takardar 'yan sanda, inshora, sa'an nan ofishin lasin. Wanda bai yi boko ba zai bar gonarsa ya yi ta zirga-zirga, ga 'yan kamasho a bakin ƙofa kowa da nasa farashi, shi kuwa bai san wanne ne na gwamnati ba.

Saboda haka muna kira ga gwamnati ta manna kuɗin sauya suna a ƙofar kowane ofis, da Hausa, boko da ajami, a kuma ba da rasit na kowace naira. Sa'an nan ta turo akawun lasin da teburinsa kasuwar Talata Mafara kowace Talata. Masu yankan tikitin kasuwa ba su taɓa ɓatan hanya ba, shi ma ba zai ɓata ba.

Ku kuma 'yan'uwa, kada ku miƙa kuɗi sai kun ga takardun asali, kun gwada lambar inji da ta jikin babur da abin da aka rubuta, mai sayarwa ya sa hannu a gaban shaidu. Sakatarorin rassanmu za su rubuta yarjejeniya kyauta ga duk wanda ya zo, ko ɗan wace jam'iyya ne.