A Bar Matan Gumel Su Yi Rubutunsu

Maganar da wani malami ya yi a wajen walima a Gumel, wadda yanzu ta zaga wayoyi daga Gagarawa har Sule Tankarkar, ta ɓata mini rai matuƙa. Wai mazaje su ƙwace wayoyin matansu, domin zaurukan marubuta na WhatsApp su ke kashe aure. Jama'a kuwa sai kabbara, sai turawa gaba.

Shin malam ya taɓa leƙa irin zauren nan? Mata ne, wata a Maigatari, wata a Damagaram, wata a Kano, suka haɗa kai suna rubuta labari guda. Wannan ta rubuta shafinta bayan isha'i, yara sun yi barci, ta tura. Waccan ta ɗora da asuba kafin ta hura wuta. Wata aikinta gyaran rubutu kawai. Masu karatu su yi ta gardama kan ko jarumar ta koma gidan miji ko ta zauna gidansu. Idan aka kwana biyu ba a ji ɗuriyar ɗaya ba, sai a buga mata waya. An yi haihuwa a haɗa kuɗin barka, an yi rasuwa a yi ta'aziyya.

Ku duba matar da mijinta ya tafi cirani Legas tun bayan kaka, ya bar ta da yara da uwar miji, ba ta fita sai asibiti ko biki. Da wa za ta yi magana? Damuwa na cin matan nan a ɓoye, mu kuma ba mu san ta ba sai ta kai a ce aljanu ne, ko a ɗauki mace zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure. Lokacin da aka rufe iyakar Nijar a 2023, kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ta yi sanyi, tukunya ta daina hawa wuta a gidaje da yawa, ban ji mai wa'azin da ya tambayi yadda matan ke kwana ba. Waya ce kawai ta tsone musu ido.

Za a ce akwai batsa a wasu littattafan. Akwai. A majalisar maza ma akwai, kuma ba wanda ya ce a rushe dakali.

Gaskiyar magana, tsohuwar gaba ce. Tun da Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990 ake yi wa marubuta mata wannan kallo, don sun faɗi abin da ke faruwa a tsakar gida. Masana suka raɗa wa aikin suna adabin kasuwar Kano, cikin raini. A 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, aka tara littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata aka cinna musu wuta da sunan shirin A Daidaita Sahu. Mutuwar aure ta ragu bayan nan? Ga shi a 2016 BBC Hausa ta fara shirya gasar Hikayata domin mata zalla, kuma waɗanda suka yi wa gobarar tafi su ne ke rige-rigen taya murna idan 'yar garinsu ta ci kyauta. Ba su taɓa tambayar inda ta koyi rubutun ba, balle su nemi afuwar waɗanda aka ƙona wa littattafai.