Zare: saƙon kilishi da canjin jirgi 🧵

1/ Duk wanda ya taɓa fita waje daga Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, karatu ne ko Umara, ya san abin da ke biyo bayan "Allah ya kiyaye hanya". Saƙo. Inna ta ƙullo daddawa, kawu ya kawo kilishi a kai wa ɗansa, maƙwabciya ta miƙo man shanu a roba. Ni dai a ganina kunyar ƙin karɓar saƙon nan ta fara yi mana tsada.

2/ Sau da yawa jirgin da ka hau a Kano ba shi zai sauke ka ba fa. In Ethiopian ne sai kun yada zango a Addis Ababa, in EgyptAir ne Alƙahira. A nan za a sake caje jakar hannunka. Zuma, man shanu, man gyaɗa, duk ruwa ne a wurinsu. Robar ta wuce mililita 100? Kwandon shara.

3/ Babbar jaka kuma kowa da tsarinsa. A Tarayyar Turai, in ka sauka Faris za ka wuce Italiya, jakar hannu a Faris kwastam za su iya duba ta, babbar sai inda ka sauka ƙarshe. Amurka kam a filin farko za ka ɗauko kayanka ka bi ta kwastam, ko da akwai wani jirgin yana jiranka. Su tsare ka kan dambun nama, jirgin ya tashi ya bar ka.

4/ Nama da madara daga Najeriya ba sa shiga Tarayyar Turai ko Ingila a jakar matafiyi. Amurka ma ba ta yarda da kilishinmu. "Ai busasshe ne" ba hujja ba ce wallahi.

5/ Kuma kafin mu ce wariya ce, cutar baki da kofato suke tsoro. A 2001 ta ɓarke a Birtaniya, aka hallaka dabbobi sama da miliyan 6. Mu da muka san yadda gida ke komawa ranar da garke ya salwanta, ai mu ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan tsoron.

6/ Abin da ya fi ba ni haushi: yawancin tarar ta rashin faɗa ce. A 2018 an ci wata mata tarar dala 500 a Amurka kan tuffa ɗaya da aka ba ta a cikin jirgi daga Faris. A 2022 wani ya taso daga Bali ya sauka Darwin ta Ostareliya da burodin McDonald's mai nama, aka ci shi dalar ƙasar 2,664. Ka lissafa da naira, ka tuna kuɗin rajista.

7/ In fom ya tambaya ko kana ɗauke da abinci, ka ce eh. Galibi iyakarta su karɓe wanda bai halatta ba, ka wuce. Kuka, busasshiyar kuɓewa da yaji sukan tsallake, amma jami'in ne mai hukunci. To ya za ka faɗi abin da ke cikin ƙullin da ba ka buɗe ba?

8/ Wake ma ba lafiya lau ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wakenmu saboda ragowar maganin ƙwari, irin fiya-fiyar nan da ake zuba wa buhu. Masu zuwa Saudiyya kuma, hukumar alhazai ta sha gargaɗi kan goro.

9/ Na san wani zai zo ƙasa ya ce yayansa ya wuce da kilishi sau uku ba abin da ya faru. Na yarda. Amma fasfo ɗin wa ke hannun jami'i ranar da karen ya tsaya a kan jaka? Kawu yana Sabuwa yana shan iska a ƙofar gida.

10/ A buɗe saƙo a gaban mai shi, a zuba a leda mai haske, a rubuta suna. Kukar inna ta shiga babbar jaka. Kilishin kawu kuma a cinye shi a mota kafin a kai Malumfashi 😅