A rufe tafkin kafin a zargi tiyo

Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta tura jama'a noman rani, garka ta zama rumbu na biyu a ƙasar Arewa. Dankalin turawan Dogondutsi ya yi suna har kasuwannin Yamai. A kan tudu kuwa, wajejen Ɗan Kassari, inda ruwa ya fi na cikin Dallol Mawri nisa, kowane ɗigo da tsadarsa, shi ya sa ban-ruwa na ɗigo-ɗigo, irin wanda cibiyar ICRISAT ta Sadore ta yaɗa a Nijar tun farkon shekarun 2000, ya dace da wurin. Sai dai duk inda aka shimfiɗa shi kukan ɗaya ne: tiyo ya toshe. Daga nan sai a naɗe shi a jingine, a koma ga bokiti, a ce kayan Nasara ba su jure ƙasarmu. Ni dai a ganina an ɗora wa tiyo laifin da ba nasa ba. Cutar daga tafkin simintin da ake tara ruwan a ciki take tasowa, sunanta gansakuka.

Abu uku gansakuka ke so: rana, ruwa kwance, da abinci. Tafkin da aka bari a buɗe cikin zafin Maris da Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, ya ba ta biyu a ɓagas. Na ukun mai garka ne da kansa yake kai mata, ran da ya zuba yuriya ko 15-15-15 a cikin tafkin don taki ya bi ruwa ya kai ga shuka. Niyya mai kyau ce, amma abin da ke ciyar da kabeji shi ke ciyar da gansakuka, ga shi kuma 15-15-15 ba ya narkewa duka, sai ya bar laka. Kwana kaɗan bangon tafkin ya yi kore shar, mai santsi kamar miyar kuɓewa. Hanyar da ruwa ke bi a cikin maɗigin tiyo kuwa ba ta wuce kimanin milimita ɗaya ba. Da farko matacin ruwa ne zai cika, ruwa ya rage ƙarfi, sai a gaji da wanke shi a cire shi gaba ɗaya. Daga ranar kome ya wuce cikin tiyo. Shukar ƙarshen layi ta fara yaushi, sai a ɗauko allura ko ƙayar aduwa a tsokale ramin. Ramin da aka tsokale ya daina ɗiga, ya koma tsartuwa, ya kwashe rabon maƙwabtansa, aikin da aka sayi tiyon dominsa ya tashi.

Wani zai ce ba kowace toshewa ce ta gansakuka ba, kuma ya yi gaskiya. A buɗe bakin tiyo na ƙarshe a tara tafin hannu: kore mai yauƙi gansakuka ce, ja-ja kamar tsatsa ƙarfen cikin ruwan rijiya ne, fari mai tauri gishirin ƙasa ne, yashi kuma ba sai an faɗa ba. Kowanne da maganinsa. Amma a cikinsu gansakuka ce kaɗai ake iya hana ta haihuwa da inuwa kawai. Wani kuma zai ce a zuba ruwan jabel a huta. Jabel na kashe ta, amma gawarta ma toshe rami take yi, idan aka zarce ma'auni ya ƙona saiwa, kuma gobe rana za ta sake fitowa kan tafkin. Masu cewa murfi tsada ne su kwatanta kuɗin ƴan kwanon rufi ko baƙar leda mai kauri, kai ko zana biyu a kan sanduna, da kuɗin sake tiyon garka guda.

Abin da ya rage ba wuya: a haɗa taki a wata ƴar durom dabam tsakanin tafki da mataci, a tace shi, a bi shi da tsabtataccen ruwa, a wanke mataci kullum, a buɗe bakunan layi mako-mako ruwa ya kore dattin. Duk wannan sai an koya wa mutum, kuma a nan ne masu kawo ayyukan ke gazawa. Ana ƙirga fanfo da allon hasken rana da tsawon tiyo, a yanke ƙyalle a ɗauki hoto, murfi kuwa ba ya shiga hoto. Matan da ke riƙe da galibin waɗannan garake bai kamata a bar su da mataci ɗaya tilo ba, wanda in ya fashe ba su san inda za su sami wani ba.

Don haka ina kira ga mahukuntan Ɗan Kassari da malaman gona na Dogondutsi da Tibiri: kada su sa hannu su karɓi wata garka daga hannun ɗan kwangila sai tafkinta na da murfi, da mataci na ajiya, da mutum biyu daga cikin masu garkar da suka iya kwance matacin su mayar.