Rancen Karatu: A Gyara Takardu Tun Ana Sakandare

Iyaye da yawa a Kakuri da Makera da Barnawa suna tsammani sai yaro ya shiga jami'a sa'an nan za a fara maganar taimakon Gwamnati. Wannan kuskure ne, kuma shi ke sa yara masu hazaƙa su sami gurbi su kasa zuwa.

Masu hali ba su da wannan damuwa. Muna magana ne a kan gidajen da su ka dogara da masaƙun Kakuri, waɗanda su ka tsaya ɗaya bayan ɗaya, Kaduna Textiles a 2002, UNTL a 2007. Gwamna Uba Sani ya rage kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna a 2023, daga naira 150,000 zuwa 105,000. Madalla. Amma ga mai sayar da kayan miya, dubu ɗari da biyar ma dutse ce.

To, ga hanya. A watan Afrilu 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar rancen ɗalibai, a watan Mayu kuma asusun NELFUND ya fara karɓar masu nema ta intanet. Kuɗin makaranta, makarantar a ke ba kai tsaye. An kuma fara da ba ɗalibi naira 20,000 a wata don guzuri. Rance ne, ba kyauta ba, sai dai ba ruwa a kansa, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi goma cikin ɗari na albashi. Wanda ke ƙyamar bashi ya tuna bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ya dai shiga da niyyar biya, domin ƙannensa na baya.

Ba a ba ɗan sakandare rancen, sai wanda ya sami shiga makarantar Gwamnati. Amma abin da za a tambaye shi, watau lambar ɗan ƙasa, da lambar BVN ta banki, da takardar JAMB, duk a aji na ƙarshe a ke shirya su. Nan ne gizo ke saƙa. Mun sha ganin yaro Muhammadu a wata takarda, Mohammed a wata, ranar haihuwa kuma iri biyu. Malami zai gane yaronsa, na'ura ba ta san wannan ba, sai ta ƙi shi. Gyaran kuwa ya kan ci watanni, ga sintiri, ga kuɗin mota.

Saboda haka muna kira ga shugabannin makarantu su keɓe rana guda a zangon farko, malamin aji ya zauna da kowane ɗalibi su gwada takardunsa harafi da harafi. Iyaye kuma su sani ba a biyan ko kwabo wajen neman rancen nan. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu ya sa sunan yaro, a bar masa hanyarsa. Kada kuma a manta da Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Kaduna, a riƙa sauraron sanarwarta, gama nata kiran dabam ya ke fitowa.