Masu Tsufar Da Tankokin Roba Da Gangan

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai waɗansu mutane, cikinsu har da likitoci da malaman makaranta da tsofaffin sojoji, waɗanda in sun taso daga aiki ba su da abin yi illa zama a gaban tebur suna harhaɗa 'yan ƙananan tankokin yaƙi na roba. Ba wasan yara ba ne, ko da yake duk wanda ya taɓa ƙera motar kara yana yaro zai gane irin daɗin da ke ciki. Akan sayi tankar a kwali, gunduwa-gunduwa, wani lokaci gutsattsarin su kai ɗari da yawa, a bi su da wuƙa da hantsaki da gam har siffa ta fito.

Ma'aunin da ya fi karɓuwa shi ne kashi 1 cikin 35. Watau tankar Jamus mai suna Tiger, wadda nauyinta ya haura tan 50, tsawonta kuwa har da bakin igwa ya kusa mita 8 da rabi, sai ta dawo santimita 24 kacal. Wannan ma'auni kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan ne ya yaɗa shi, kuma asalinsa abin dariya ne. A farkon shekarun 1960 kamfanin ya ƙera tankar Panther mai tafiya da batir, aka yi girmanta daidai yadda batir biyu za su shiga cikinta. Da aka auna daga baya sai aka tarar ta yi daidai da kashi 1 cikin 35, shi ke nan ma'auni ya zauna.

Amma fa harhaɗawa ita ce mai sauƙin. Inda gwani yake bambanta da ɗan koyo shi ne wajen tsufar da tankar, domin tanka mai ƙyalli kamar sabuwar mota ba ta yi kama da abin da ya taɓa shiga filin daga ba. Bayan an fesa fentin asali, sai a tsinka fenti mai duhu ya yi ruwa-ruwa, a bar shi ya gangara cikin lunguna da gefen ƙusoshi don su fito fili. Daga nan a ɗauki buroshi a taɓa fenti mai haske, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, a shafa a kan gefuna masu tudu. Waɗannan dabaru biyu wani ɗan ƙasar Beljiyam, François Verlinden, ya yi suna da su a shekarun 1970 da 1980. A Amurka kuma Sheperd Paine ya koya wa jama'a yadda ake dasa tanka cikin ɗan fili da sojoji da rusasshen gini, ta zama labari.

Na baya sun ƙara nasu. Ana dangwala soso a fenti don nuna inda fenti ya ɓare. Ana goga bakin fensir a inda ƙarfe ya sha hannu ya yi santsi. Ana kwaɓa garin launi ya zama taɓo. Har maganin feshin gashi na mata ya sami aiki: a fesa shi a kan fenti, a rufe da fari, sannan a jiƙa da ruwa a kankare, sai ya fito tamkar farar ƙasar da sojoji suke shafa wa tankoki lokacin ƙanƙara a Rasha, wadda takan zube bayan 'yan makonni.

To, a nan ne gardama ta taso tsakanin masu wannan aiki, kuma gardama ce mai tushe. Da dabaru suka yi yawa, sai waɗansu suka shiga lafta tsatsa ko'ina, don tana burge ido a hoto da wurin gasa. Masu bin tarihi suka ce wannan ƙarya ce. Tankokin Yaƙin Duniya na Biyu da yawa ba su daɗe a fagen fama ba balle tsatsa ta ci su. Misali ga Tiger mai lamba 131 da ke gidan tarihin tankoki na Bovington a Ingila: a farkon shekarar 1943 aka ƙera ta, a watan Afrilu na shekarar Turawan Ingila suka kama ta a Tunisiya. Abin da ta samu a wannan ɗan lokaci ƙura ce da tabon harsasai, kuma tabon yana nan har yau. Salansa takan yi tsatsa da wuri saboda zafi, wannan gaskiya ne, amma sarƙar da tanka ke tafiya a kanta gogewa take yi ta yi haske a duk inda take taɓa ƙasa. Mafi muni, akan ga wanda ya zuba jar tsatsa a jikin motar sulke ta Amurka mai suna M113, alhali gangar jikinta da alminiyam aka yi, wanda ba ya yin irin wannan tsatsa ko ya shekara a ruwa.

Hujjar masu bin tarihi ta fi ƙarfi. Mutane da yawa, musamman yara, a jikin waɗannan 'yan tankoki suke fara ganin kamannin yaƙin da ba su gani ba, don haka kowane datti ya kamata a san dalilinsa. Ƙurar hamadar Libiya daban take da baƙar lakar Yukiren. Ko launin fenti ma yana da kwanan wata: a watan Fabrairu na 1943 Jamusawa suka bar toka-toka suka koma rawaya mai duhu, aka riƙa ba sojoji kore da ja-ja su tsinka da ruwa ko fetur su shafa da kansu, shi ya sa da wuya a sami tankoki biyu masu zane iri ɗaya.

Gidan tarihi kansa yakan yaudari mai kwaikwayo. Wanda ya je gidan tarihin yaƙi na Umuahia don ya kwaikwayi motocin sulken yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, zai ga abin da rana da damina suka yi musu cikin shekaru fiye da 50, da fentin da aka sake shafawa daga baya. In yana son kamanninsu na lokacin yaƙi, sai ya koma ga hotunan da aka ɗauka a lokacin, ya duba inda taɓo ya tsaya a jikin taya da inda takalmin soja ya cinye fenti a bakin ƙofa.