Kulob ɗin Golf: Lissafin da Na Yi Kafin In Sa Hannu

Makon nan takarda ce ta hana ni barci. Ba ta kwastan ba ce, ba kuma ta mai gidan haya ba. Fom ne na zama mamba a wani kulob ɗin wasan golf a nan yankin Accra, wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu. Mako uku ya yi a aljihun motata. Na san akwai 'yan'uwa a Kumasi da Lome da Kwatano da Yawunde da aka yi wa irin wannan tayi, shi ya sa na ce bari in baje lissafina a fili.

Manajan wani kamfani da nake sarin shinkafa da man girki a wurinsu ne ya ja ni. Ya ce, "Alhaji, kullum kana shago. Zo ka ga inda ake ƙulla harka." Ga kuma likita da ya daɗe yana yi mini faɗa a kan hawan jini, wai in riƙa tafiya da ƙafa. Sai na bi shi a matsayin baƙo har sau uku.

Ga wanda bai sani ba, wasan ba shi da wuyar fahimta, bugawar ce aiki. Cikakken fili rami 18 ne. Kana dukan 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Doka ba ta yarda ka ɗauki sanda fiye da 14 ba. Zagaye ɗaya kan ci kusan awa huɗu, a ƙafa. Turawan Ingila ne suka kawo shi ƙasashenmu. Kulob ɗin Achimota tun 1934 yake, kuma Kano ma tana da nata filin tun zamanin mulkin mallaka.

Bari in fara da alherin da na gani, don kada a ce na yi son kai.

Na farko lafiya. Rabon da in yi tafiyar awa huɗu a ƙafa tun ina yaron kanti. Ranar farko gwiwoyina sun yi ƙara, amma daren nan na yi barcin da na manta irinsa. Ba hon ɗin mota, ba hayaƙi, waya tana jaka.

Na biyu mutane. Mutumin da za ka yi wata guda kana zarya ofishinsa, sakatare na cewa ya shiga taro, ga shi nan a gefenka yana neman ƙwallonsa a cikin ciyawa. Manajan banki, lauya, mai otal. Ba wai a nan ake sa hannu a kwangila ba. Sabo ake yi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku shi ya fi burge ni. A wasan nan yawanci ba alƙali a tare da ku, kai ke faɗin bugu nawa ka yi. Na ga wanda ƙwallonsa ta motsa ba wanda ya lura, ya ƙara wa kansa bugu da bakinsa. Na kuma ga wanda ya ɗan tura tasa da ƙafa ya kau da kai. Ɗan kasuwa ya san wa zai ba bashi a cikin biyun nan.

To, yanzu ɗaya shafin littafin.

Kuɗin ba ɗaya ba ne. Akwai na shiga, wanda aka gaya mini ba ya dawowa ko ka fasa. Akwai na shekara, ko ka je ko ba ka je ba. Akwai sanduna da jaka da takalmi da riga mai kwala, don ba a buga wasan da babbar riga. Akwai mai koyarwa, akwai yaron da ke ɗaukar maka jaka, kadi suke ce masa. Akwai ƙwallayen da sabon shiga ke zubarwa a ruwa da daji. Sannan abin da ba a rubuta a fom ba: yau an saya maka abinci, gobe kai za ka saya wa tebur. Kafin ma a kai nan, sai mamba ya gabatar da kai, wani ya mara masa baya, kwamiti ya zauna a kanka.

Na zauna da uwargida na karanta mata jimillar. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Alhaji, daga riba za ka cire ko daga jari?" Ban amsa ba, don na san amsar. Ta ƙara da cewa kuɗin shekarar farko ya zarce abin da muke biya wa yara biyu a makaranta, ga rufin ɗakin Inna a gida da na yi alkawari tun kafin damina. Abokina manaja kamfaninsu ke biya masa. Ni kuwa buhunan shinkafa ne za su ragu a sito. Kuɗin ɗan kasuwa juyawa yake yi, abin da ka kwantar a kulob ya daina haihuwa.

Sai lokaci. Yawancin mutanen da nake son gani ranar Asabar da safe suke wasa, lokacin da masu sari ke cika shagona. Ma'aikaci hutunsa ne, ni kuwa ranar cinikina ce. Awa huɗu a fili, ga cunkoson hanya zuwa da dawowa, wuni ya tafi.

Akwai kuma abin da ya shafi addini, ba zan ɓoye ba. Bayan an gama wasa ana zama a mashayar kulob, har suna yi mata kirari da rami na 19. Ba wanda ya tilasta mini, lemo na sha, kuma ban ga raini ba. Amma a nan hirar gaske take, kuma wasu kan sa 'yan kuɗi a kan wasan, wanda caca ce ko da ƙanana ne. Wanda zai shiga ya san matsayarsa tun daga ƙofa. Salla kam ba ta ba ni wahala ba: in ka fara da sassafe, ka gama kafin azahar.

Daga nan na tambayi kaina: wai ni ba ni da kulob ne? Mu da muka zo ƙasar nan baƙi, wa ya tsaya mana? Maigida ne ya sauke mu, ya ajiye mana kuɗi, ya ce wa dillali wannan yarona ne, ba shi kaya. A masallacin Nima da Sabon Zango, a wurin suna da ɗaurin aure da gaisuwar mutuwa, a nan aka san wane mai cika alkawari ne. Kakanninmu sun kai goro daga Salaga zuwa Kano a kan wannan amanar. Wannan kulob ɗin ma yana da kuɗin shiga, sai dai da ƙafa ake biya. Duk Asabar ɗin da na ba filin golf, akwai wani zumuncin da na rage.

Ban ce kowa ya guje shi ba. In cinikinka da kamfanoni da otal-otal da bankuna ne, kana da amintaccen mai riƙe shago, kuma za ka biya daga riba ba tare da gida ya ji ba, shiga, zai iya amfanar ka. Amma ka fara zuwa a baƙo, ka biya kuɗin wasa na yini sau biyar ko shida. Ka tambaya a rubuce: me ake biya bayan na shekara, ana yin karo-karon gyaran fili, iyali na cikin mambancin, in ka yi tafiya mai tsawo ana dakatar da biya? Kuma ka tabbata wasan kake so. Wanda ya zo farautar kwangila kawai, tun a rami na uku ake gane shi, a fara zille masa.

Ni dai na mayar wa abokina fom ɗinsa da godiya. Na ce bana ban shirya ba, amma zan riƙa biyo shi sau ɗaya a wata in biya na yini. Na sayi tsofaffin sanduna bakwai a hannun wani da ya gaji. Maganar likita kuwa, bayan sallar asuba nake zagaya unguwa da ƙafa, kyauta. An kai wa Inna kwanon rufi ranar Talata.

Wanda ya riga ya shiga irin wannan kulob, ya rubuto mana yadda ta kaya, riba ko faɗuwa. Allah Ya sa albarka a nemanmu. Sai mako mai zuwa.